Fada A Kan Raƙumi: Yadda Kiristoci Suka Kwashe Da Labarin Dainaso Da Darwin

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta barin su saurara, da kuma masu cewa sun fi gane karatu. Na yau da ɗan tsawo, a gyara zama.

Wata ɗaliba ce mai karanta ilimin halittu ta turo mana tambaya. Ta ce gardama ta kaure a ajinsu ranar da aka zo kan darasin juyin halitta. Wani ɗan ajinsu Kirista ya ce a cocinsu an koyar da su duniya ba ta wuce shekara dubu shida ba, don haka labarin dainaso na miliyoyin shekaru ƙarya ne. Wata kuma 'yar Katolika ta ce su Fafaroma da kansa ya ce a yi binciken, babu laifi. To wane ne a cikinsu yake faɗin matsayin Kiristanci? Amsar a taƙaice ita ce kowanensu ya faɗi na gidansu. Amma yadda aka yi gida ya rabu haka, shi ne labarin. Ba fatawa za mu bayar ba, ba huruminmu ba ne. Tarihi za mu bi.

Mu fara daga kusa. A shekarun 1950, da kana yankin Ingal a ƙasar Agadas, da wataƙila ka ci karo da wani Bature a kan raƙumi, yana tafe yana duban ƙasa kamar wanda ya yar da kuɗi. Sunansa Albert-Félix de Lapparent, Bafaranshe. Daga 1946 zuwa 1959 ya yi ta shiga Sahara yana tsintar ƙasusuwan da suka daɗe a ƙasa har suka zama dutse, a 1960 kuma ya fitar da bincikensa a kan dainaso na tsakiyar Sahara. Bayansa wasu suka zo suka tono manyan abubuwa a Gadufawa, cikin Tenere: wani kada da tsawonsa ya haura mita 9, da Nigersaurus, dabbar nan mai haƙora sama da 500 wadda masana suka ce ta rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce. Har akwai wani dainaso na Gadufawa da aka raɗa wa sunan mutumin, Cristatusaurus lapparenti. To shi wannan Lapparent fada ne, limamin Katolika cikakke, yana koyarwa a jami'ar Katolika ta birnin Paris. Yana rubuta cewa ƙasusuwan nan sun yi miliyoyin shekaru, kuma cocinsa ba ta ce masa uffan ba.

Ku riƙe wannan a ranku, don mafi yawanmu mun taso da tunanin cewa faɗa ne na gefe biyu, ga malaman coci can, ga masana kimiyya nan, ana jifa. Idan ka buɗe tarihin sai ka tarar masu tonon ƙasusuwan na farko, da yawansu malaman cocin ne.

Tun kafin a san wani abu wai shi dainaso, Kiristocin farko sun yi muhawara a kan kwanaki shida na halitta da ke Littafin Farawa. Origen na Iskandariyya, a ƙarni na uku, ya yi tambaya: ta yaya za a ce an yi yini na ɗaya da na biyu da na uku irin namu, alhali sai a na huɗu aka ambaci halittar rana? Augustine, bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya tafi a kan cewa Allah ya halicci komai a lokaci guda, kwanakin kuwa ba irin namu ba ne. Ya kuma ja kunnen 'yan uwansa Kiristoci da kada su riƙa sakin baki a kan taurari da dabbobi a gaban wanda ya fi su sanin abin, suna cewa daga Littafi suka samo, don hakan zai sa a raina Littafin. Amma kada mu ƙara masa gishiri, shi ma yana ganin tarihin ɗan Adam bai kai shekara dubu shida ba. Wani abin dariya, ya ba da labarin ya taɓa ganin wani ƙaton haƙori a bakin teku a Utica, ƙasar Tunisiya ta yanzu, ya ɗauka na ƙattan mutanen da ne. Masana yau sun fi zaton na wata dabba ce dangin giwa.

Shi kuma lissafin dubu shidan da ya yi suna, na James Ussher ne, babban bishop a Ireland. A 1650 ya tattara shekarun zuriyoyin da ke cikin Littafi, ya haɗa da tarihin Babila da Farisa da Rum, ya fitar da cewa an fara halitta a watan Oktoba na shekara ta 4004 kafin haihuwar Almasihu. Yau ana yi masa dariya, amma a zamaninsa aikin masana ne, har Isaac Newton ya yi irin wannan lissafin. Abin da ya ba shi ƙarfi shi ne daga 1701 aka fara buga wannan shekara a gefen shafin Littafi Mai Tsarki na Turanci. Mai karatu ya buɗe shafin farko ya ga 4004 a gefe, sai ya ɗauka ai cikin nassin take.

A 1666 masunta suka kama wani ƙaton kifin shak a gaɓar Livorno ta Italiya, sarkin yankin ya sa aka kai wa wani likita ɗan Denmark, Nicolas Steno, kan kifin ya fede. Da ya duba haƙoran sai ya ga ai kamar an tsaga kara da wasu duwatsu masu tsini da ake tsinta a tsibirin Malta. Mutane suna kiransu harsunan dutse, wasu na cewa harsunan macizai ne da Manzo Bulus ya mayar dutse. Steno ya ce a'a, haƙoran kifi ne na gaske. To me ya kai haƙorin kifi cikin dutse a kan tudu? Amsar da ya bayar a 1669 ita ce tushen ilimin duwatsu har gobe: ruwa ne ke shimfiɗa laka hawa-hawa, lakar ta daskare ta zama dutse, na ƙasa ya girmi na sama. Wato ƙasa kamar littafi ce, ana karanta ta daga ƙasa zuwa sama. Wannan Steno daga baya ya ajiye kimiyya, ya zama fada a 1675, ya zama bishop a 1677, ya mutu cikin talauci na ganin dama. A 1988 Fafaroma John Paul na biyu ya sa shi a matakin da ke gab da waliyyan coci.

Da farko kam, duk ƙashin da aka tono sai a ce ruwan ɗufana ne ya binne shi. A 1726 wani masani ɗan Switzerland, Johann Scheuchzer, ya samu wani ƙwarangwal a dutse ya shelanta cewa ga mutumin da ya ga ɗufana da idonsa. Bayan shekaru masu yawa Georges Cuvier na Faransa ya kankare dutsen, ashe wata dabbar ruwa ce dangin kwaɗi mai siffar ƙaton ƙadangare.

Wanda ya fi burge ni a wannan zangon shi ne William Buckland, rabaran na ɗarikar Anglika kuma malami a Oxford. Mutum ne mai abin mamaki, ya sha alwashin sai ya ɗanɗana naman kowace dabba, baƙin gidansa sun sha cin gasasshen ɓera. A 1821 masu fasa dutse suka buɗe wani kogo a Kirkdale, arewacin Ingila, cike da ƙasusuwan giwa da karkanda da dorina da kuraye. A Ingila fa! Nan take aka ce ɗufana ce ta kwaso su daga ƙasashe masu zafi ta zuba. Buckland ya shiga kogon da rarrafe, ya lura bakin kogon ya yi wa giwa ƙanƙanta, kuma ƙasusuwan duk a farfashe suke da shaidar haƙori. Sai ya nemo kura mai rai, aka ba ta ƙashin sa ta gwagwiya, ya ɗauko ya gwada da na kogon. Iri ɗaya. Har kashin kura da ya bushe ya zama dutse ya tsinta a ciki. Ashe ramin kuraye ne, sun zauna a nan zuriya bayan zuriya suna jawo nama. Ma'ana akwai zamanin da kura take kuka da dare a Ingila.

Duk da haka a littafinsa na 1823 ya ce lakar da ta rufe ƙasusuwan ita ce shaidar ɗufana. A 1824 shi ne ya fara ba wani dainaso suna a kimiyyance, Megalosaurus, tun kalmar dainaso ɗin ma ba a ƙirƙiro ta ba, sai a 1842. Amma da hujjoji suka taru, ya janye maganar ɗufanar a 1836, daga baya ya yarda ƙanƙara ce da ta taɓa lulluɓe arewacin Turai ta bar waɗannan alamu. Abokinsa Adam Sedgwick, shi ma rabaran, ya riga shi: a 1831 ya tsaya gaban ƙungiyar masana duwatsu ta Landan ya ce ya yi kuskure, ya janye. Ba wanda ya tuɓe musu rigar coci. Buckland ma ƙarin girma ya samu, aka ba shi shugabancin majami'ar Westminster a 1845.

Kun ga ke nan, kafin Darwin ya buga komai, masu ilimi a cocin Ingila sun riga sun yarda duniya tsohuwa ce ƙwarai, kuma an yi halittun da suka ƙare ƙaf. Yaya suka yi da Littafin Farawa? Wasu suka bi Thomas Chalmers na Scotland, suka ce akwai dogon zamani tsakanin aya ta farko da ta biyu, a nan dainaso suka rayu suka mutu. Wasu suka bi Hugh Miller, magini mai sassaƙa dutse kuma mai riƙon addini, suka ce kowane yini zamani ne mai tsawo. Wani kuma, Philip Gosse, ya zo da tasa dabarar a 1857. Ya ce Adamu an halicce shi da cibiya ko da yake ba a haife shi ba, to haka duniya ma aka halicce ta da ƙasusuwan a ciki, tana kama da tsohuwa alhali sabuwa ce. Abokinsa Rabaran Charles Kingsley ya ce masa sam, wannan ai mayar da Allah mai yaudara ne. Littafin bai yi kasuwa ba.

Shi kansa Charles Darwin, karatun zama limamin coci ya je yi a Cambridge, kuma Sedgwick ɗin nan ne ya fita da shi daji a 1831 ya koya masa karanta duwatsu, watanni kaɗan kafin ya hau jirgin ruwan Beagle. A ranar 24 ga Nuwamba 1859 ya fitar da On the Origin of Species, kwafi 1,250. Abin da ya ce shi ne halittu suna haihuwa fiye da yadda abinci zai ishe su, 'ya'yan ba sa zama iri ɗaya sak, waɗanda suka fi dacewa da muhallinsu su ke saura su hayayyafa, a hankali cikin dogon zamani sai iri ya sauya. Af, mu gyara wani abu da ake yawan faɗa. Bai ce birin da kake gani a dawa shi ne kakan mutum ba. Cewa ya yi mutum da biri sun haɗa kaka can baya, kuma ko wannan ɗin sai a littafinsa na 1871 ya fito da shi fili.

Martanin coci bai zo da murya ɗaya ba. Sedgwick ya rubuta wa tsohon ɗalibinsa cewa ya karanta da baƙin ciki fiye da jin daɗi. Kingsley kuwa ya yaba, ya ce Allah da ya yi halittu masu iya haifar da wasu halittun bai gaza wanda yake ƙera kowace ɗaya daban ba. A Amurka babban mai kare Darwin shi ne Asa Gray na Harvard, masanin tsirrai kuma mai zuwa coci. Charles Hodge na Princeton kuma ya rubuta littafi a 1874 ya yanke cewa ra'ayin Darwin musun Allah ne, ba don tsufan duniya ba, sai don ya cire nufi da tsari daga halitta.

Sai shahararriyar arangamar Oxford ta 30 ga Yuni 1860, inda aka ce Bishop Samuel Wilberforce ya tambayi Thomas Huxley ko ta wajen kakansa namiji ya haɗa jini da biri ko ta wajen kakarsa, shi kuma ya mayar masa cewa gara biri da mutumin da ke amfani da basirarsa wajen rufe gaskiya. Ba wanda ya rubuta zaman kalma da kalma, kuma kowane ɓangare ya tafi gida yana cewa shi ya yi nasara. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne washegari wani malamin coci, Frederick Temple, ya yi wa'azi a garin yana maraba da binciken kimiyya, kuma shi ne ya zama shugaban cocin Ingila baki ɗaya a 1896. Darwin ya mutu a 1882, aka binne shi a cikin majami'ar Westminster, kusa da Newton. Shi da kansa ya ce bai san ko akwai Allah ko babu ba, amma ya rubuta cewa mutum na iya yin imani sosai kuma ya yarda da juyin halitta. Labarin nan da ke yawo a WhatsApp wai ya tuba a gadon mutuwa ya ƙaryata littafinsa, wata mata ce ta fito da shi a 1915, 'ya'yansa kuma suka ƙaryata ta.

To ina wutar ta tashi? Amurka.

A nan dole mu yi adalci, don ruwa ba ya tsami banza. A farkon ƙarni na 20 an yi amfani da sunan Darwin wajen aikata ta'asa. A watan Satumba na 1906 aka ɗauki wani matashi ɗan Kongo, Ota Benga, aka sa shi a sashen birai na gidan namun dajin Bronx a New York, jama'a na tururuwar kallo. Waɗanda suka tashi tsaye har aka fitar da shi fastoci ne baƙaƙen fata, ƙarƙashin Rabaran James Gordon, kuma cikin ƙorafinsu har da cewa ana tallar ra'ayin Darwin da ɗan Adam. Ota Benga ya kashe kansa a 1916. Shi Darwin ya tsani bauta, kuma akwai masu coci da suka kare bautar da ayoyi, wannan ma gaskiya ne. Amma ga baƙin mutum na wancan zamani, zancen juyin halitta ba zancen aji kawai ba ne.

A 1925 jihar Tennessee ta haramta koyar da cewa mutum ya fito daga dabba. 'Yan kasuwar wani ƙaramin gari, Dayton, suka ga hanyar jawo wa garinsu suna, suka lallaɓi wani malami ɗan shekara 24, John Scopes, ya yarda a gurfanar da shi. Ta ɓangaren gwamnati ga William Jennings Bryan, wanda ya yi takarar shugaban ƙasa sau uku. Ta ɓangaren Scopes ga rikakken lauya Clarence Darrow. Aka watsa shari'ar kai tsaye a rediyo, zafi da cunkoso suka sa alƙali ya fitar da zaman waje ƙarƙashin itatuwa. Bryan ba jahili ba ne kamar yadda fim ya nuna shi. Tsoronsa shi ne aƙidar mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi, wadda yake ganin ita ta haifar da Yaƙin Duniya na Ɗaya. Littafin makarantar da ake rigima a kansa ma, ya jera launukan mutane hawa-hawa ya ɗora farar fata a sama.

Ga inda abin yake. Darrow ya kira Bryan ya hau kujerar shaida, ya tambaye shi ko kwanaki shidan na awa 24 ne. Bryan ya ce ba lallai ba, suna iya zama dogayen zamuna, ko da miliyoyin shekaru ne bai dame shi ba. Jagoran masu adawa da Darwin ke nan fa, a 1925, bai yarda da duniya mai shekara dubu shida ba. An ci Scopes tarar dala 100, Bryan ya rasu kwana biyar bayan shari'ar, dokar kuma ta zauna har 1967.

Ra'ayin da ɗan ajin ɗalibarmu ya faɗa, a siffarsa ta yau, ya fito ne ta wata ƙofa daban. George McCready Price, ɗan ɗarikar Adventist masu ibada ranar Asabar, ya rubuta a 1923 cewa duk shimfiɗun duwatsun nan da ƙasusuwan cikinsu ɗufana ce ta zuba su cikin shekara guda. Mutane kaɗan suka saurare shi. Sai a 1961 John Whitcomb, malamin tauhidi, da Henry Morris, injiniyan ruwa, suka sabunta maganar a littafinsu The Genesis Flood. Wannan littafin ne ya juya akalar miliyoyin masu bishara a Amurka, daga can kuma ra'ayin ya bi littattafai da kaset da tashoshin talabijin na wa'azi ya iso Koriya da Brazil da Afirka. A 2007 Ken Ham, ɗan Ostireliya, ya buɗe gidan tarihin halitta a jihar Kentucky inda za ka ga mutum-mutumin yara suna wasa kusa da dainaso, a 2016 kuma ya gina jirgin Nuhu mai tsawon ƙafa 510, da 'ya'yan dainaso a cikin keji. A ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup ta 2019, kashi 40 cikin 100 na Amurkawa sun ce Allah ya halicci mutum a siffarsa ta yanzu cikin shekara dubu goma da suka wuce.

Masu ba su amsa mafi zafi kuwa Kiristoci ne 'yan uwansu masana duwatsu, irin su Davis Young. Suna cewa a tsakiyar shimfiɗun nan ana samun sheƙar dainaso da ƙwai a jere, da sawun ƙafa, da laka da ta bushe ta tsattsage, da gishirin da sai ruwa ya ƙafe yake taruwa. Wace dabba ce za ta zauna ta yi sheƙa a tsakiyar ambaliya? Sannan shekarun ba da ka ake faɗinsu ba. Akwai sinadarai irin su yuraniyam da ke rikiɗa zuwa dalma a kan ƙa'ida sananniya, da su aka auna aka samu shekarun duniya kimanin biliyan 4.5 tun a 1956. Awon kabon da kuke ji ana suka, iyakarsa wajen shekara 50,000, ba da shi ake auna dainaso ba.

To me ya sa mutum mai hankali, har mai digirin digirgir, zai tsaya kai da fata a kan dubu shida? Ni a ganina ba a kan dainaso gizo ke saƙar ba. A kan Adamu ne, da mutuwa. A wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Romawa, da ta farko zuwa ga Korantiyawa, an ɗaure abu biyu wuri guda: ta mutum ɗaya, Adamu, zunubi da mutuwa suka shigo duniya, ta mutum ɗaya kuma, Yesu, ceto ya zo. Wannan shi ne ƙashin bayan aƙidar Kirista. Yanzu ka zo ka ce masa ƙasa cike take da gawarwakin dabbobin da suka ci juna, suka yi ciwo, suka mutu miliyoyin shekaru kafin a yi mutum. Sai ya ce to mutuwa ta riga zunubi ke nan? Idan kuma mutane sun fito ne daga wani babban garke a hankali, wane ne Adamun da ya faɗi? In babu faɗuwa, ceton na mene ne? Ga wanda ya fahimci ayoyin a haka, zare ɗaya za ka ja rigar ta warware. Shi ya sa Kurt Wise, wanda ya yi digirinsa na uku a kan burbushin halittu a Harvard, ya fito fili ya ce ko duk hujjojin duniya sun juya masa baya, yana nan a kan fahimtarsa ta Littafi. Ka yarda da shi ko kada ka yarda, bai ɓoye inda ya tsaya ba.

Sauran kuma kowa da yadda ya warware ƙullin. Wasu suka ce mutuwar da Bulus yake nufi ta ɗan Adam ce, ko ta ruhi, ba ta kifi da ƙadangare ba. Wasu suka ce Adamu mutum ne na gaske da Allah ya zaɓa daga cikin jama'ar da ke raye. Wasu suka ce labarin misali ne na halin kowane mutum. Cocin Katolika ta ja nata layin a 1950, lokacin da Fafaroma Pius na 12 ya ce masana na iya binciken ko jikin mutum ya samo asali daga wata halitta da ta gabata, amma ruhi Allah ne ke halittarsa kai tsaye, kuma bai ga yadda za a daidaita iyaye na farko masu yawa da koyarwar zunubin gado ba. A 1996 John Paul na biyu ya ƙara da cewa sabbin bincike sun sa juyin halitta ya wuce matsayin hasashe. Kada dai a ɗauka hanyar ta zo da sauƙi: Teilhard de Chardin, fada ne da ya yi aikin tonon tsoffin ƙasusuwan mutanen da a kusa da Beijing, amma shugabanninsa sun hana shi buga littattafansa na tauhidi har ya mutu a 1955, kuma rubutunsa a kan zunubin gado ne ya fara jawo masa.

A cikin masu bishara ma akwai irin su Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam da aka kammala a 2003, ya kuma kafa ƙungiyar BioLogos don nuna wa 'yan uwansa cewa imani da juyin halitta na iya zama ɗaki ɗaya. Da Mary Schweitzer, wadda ta shiga ajin ilimin dainaso tana mai imani da ƙaramar duniya, hujja ta sauya mata ra'ayi amma ba ta bar coci ba. A 2005 ta ba duniya mamaki da ta samu wani abu mai laushi kamar jijiya a cikin ƙashin dainaso mai shekara miliyan 68. Masu ra'ayin dubu shida suka yi caraf suka ce ga hujjarmu. Ita kuma ta yi ta cewa ba haka bincikenta ya nuna ba, kuma ta ce abin yana yi mata ciwo, don daga 'yan uwanta a imani yake fitowa.

Rigimar ta iso Afirka, dama kuma a nan mafi yawan tsoffin ƙasusuwan dangin mutum suke. A Chadi aka tono ƙoƙon kan Tumai a 2001, cikin hamadar Jurab, mai kimanin shekara miliyan 7. A Kenya, mutumin da ya dage cewa a Afirka za a samu asalin ɗan Adam, Louis Leakey, ɗan 'yan mishan ne, an haife shi a Kabete a 1903 inda iyayensa ke wa'azi cikin ƙabilar Kikuyu. A 1984 Kamoya Kimeu, wanda ke aiki da ɗan Louis ɗin, Richard Leakey, ya tsinci ƙwarangwal ɗin da ake kira Yaron Turkana, mai shekara wajen miliyan ɗaya da rabi. A 2006, ana gyaran gidan tarihin Nairobi, Bishop Boniface Adoyo, shugaban gamayyar cocin masu bishara na ƙasar, ya nemi a mayar da ƙasusuwan can ƙuryar baya, kada a nuna wa yara su a matsayin tabbas. Wanda ya fito ya yi masa raddi shi ne Richard Leakey, jikan ɗan mishan. An sake buɗe gidan a 2008 da ɗakin asalin ɗan Adam a cikinsa.

'Yan Nijar da ke bin mu, duk wanda hanya ta kai shi Yamai ya leƙa gidan tarihi na Boubou Hama, akwai ƙasusuwan dainaso na ƙasar Agadas a tsaye a can, ya ɗauko mana hoto. Mutanen Sakkwato ku ma kuna da naku, akwai wata ƙatuwar dabbar teku da aka tono a yankinku aka sa mata suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo, tun zamanin da teku ke kwance a wurin. Labarinta sai a wani shirin. Mu kwana nan.